Farin Gurbi a Takardar Juma'a

Na san abin da kuke faɗa idan na tashi na bar muku falo. Kai Sani ka taɓa gaya wa mahaifiyarku, ita kuwa ba ta iya riƙe magana, cewa ni ban damu da tafiyar yayarku ba, tunda ko filin jirgi ban raka ta ba. Ke Hindatu naki ya fi nauyi. Kin ce fushi na yi da ita, shi ya sa na bar gurbinta fari a takardata ta Juma'a wata da watanni, don in kunyata ta a idon mutanen unguwarmu ta Darrasa. Dukanku ba ku gane ba, kuma ban ga laifinku sosai ba. A Alƙahira aka haife ku, abin da ba a faɗa da baki ba ba kwa jin sa. To yau zan faɗa, tunda takarda ba ta da ido balle in ji nauyinta. Ba da yayarku nake ba. Da Ustaz Nadim nake, shi da jaridarsa. Kishi ne kuma, tsagwaronsa, ban ga abin ba da haƙuri a ciki ba.

Kun san daga Maraɗi na zo karatu, karatun ya yi mini tsawo, na koyi ɗaurin littattafai a hannun wani tsohon Bamisre, da ya rasu na ci gaba da riƙe shagon nan na cikin lungu. Na auri mahaifiyarku, Bahaushiyar Sudan da ta zo da iyayenta. Muka kama gida hawa na uku. Ƙofar da ke kallon tamu ta Nadim ce, mutumin Pakistan, dogo, mai jan lalle a gemu, mai yawan dariya ko ba a faɗi abin dariya ba. Matarsa ta rasu tun suna da ƙuruciya, Allah bai ba su haihuwa ba, bai kuma sake aure ba. Aikinsa aika labarin ƙasashen Larabawa ga wata jaridar Urdu da ke fita kullum a Lahore. Sunanta ba zan rubuta ba, na ji shi a gidana har ya gundure ni.

Kafin in ci gaba sai kun gane abu guda, in ba haka ba duk labarin zai zame muku shirme. Yayarku 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata na sa mata. A inda na fito, mutum ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa. Sunan uwa kuwa ba a ma zancensa. Ni mahaifina har ya koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, “wancan yaron” yake ce mini, kuma ban taɓa shakkar cewa duk gidan ni ya fi so ba. Da ganin yadda yake kawar da kai idan na shigo na sani. Haka na riƙe yayarku. Mahaifiyarku tana ce mata Ummi, ni kuwa “ke” kawai nake cewa. Ku biyu na goya ku a wuya har bakin masallaci, ita ko hannunta ban riƙe a titi ba. Na ɗauka za ta karanta abin kamar yadda na karanta na mahaifina. Na manta cewa yarinyar tana fita ta ga Misrawa suna sumbatar 'ya'yansu a kan titi, suna ce musu habibti, wato masoyiyata, tun daga ƙasan bene har sama.

Shi kuwa Nadim bai san wannan ba, ko ya sani bai dame shi ba. Tun tana rarrafe yake ɗaga ta sama. Da ta fara tafiya, ƙofarsa ta fara ƙwanƙwasawa kafin tamu. Kullum sai in ji muryarsa ta cika bene:

“Rabi'a! Rabi'a beti, zo ki ga abin da Ammu ya kawo miki!”

A bakinsa na rubuta sunan nan, ba a nawa ba. Beti kuwa 'yata ke nan da yarensu, Ammu kuma baffa da Larabcin nan. Mutum yana tsaye a ƙofar gidana yana kiran 'yata 'yarsa, da sunan uwata, da ƙarfi har mai gadin bene yana ji. Ni ina ciki ina shan shayi kamar ban ji ba.

Jaridar tana zuwa masa a dunƙule, ta mako guda, a hannun matafiya. In ta taru sai ya kawo mini in ɗaure masa ita kundi-kundi da bangon fata. Ku duba wannan al'amari, da hannuna nake ɗinke abin da zai raba ni da 'yata, har ina rage masa farashi don maƙwabtaka. Haruffanta na Larabci ne, amma a rataye suke, suna gangarowa kamar wanki a igiya. Ina gane harafi, ba na gane magana. Yayin da nake ɗinki shi yana zaune a benci yana ba ni tarihinta da Larabcinsa mai ƙamshin littafi, yayarku tana gefensa da kayan makaranta ta ƙi hawa gida.

Na ji tarihin nan har na haddace. Wani malamin makaranta ne ya kafa ta tun Turawan Ingila suna mulkin Indiya, a wani birni da yanzu ya faɗa ɗaya gefen iyaka. Kiranta na farko shi ne Musulmi su sami ƙasarsu. Da aka raba ƙasar, suka bar injin da ginin da komai, suka hau jirgin ƙasa zuwa Lahore da alƙaluma da kwalaben tawada. Ya ce ba su yi babbar asara ba, domin jaridar ba a injin take ba, a hannun katibai take. A wancan zamani injin ba ya iya rataye haruffa yadda mutanensu suke so, saboda haka kowane shafi, kowace rana, mutane ne suke zama a tabarma su rubuta shi da hannu kafin a buga. Mahaifin Nadim yana cikinsu, shi ne mai manyan kanun labarai. Game da siyasa kuwa, jaridar malamai ce da 'yan kasuwa. Ba ta ga maciji da Indiya, ba ta yarda da 'yan gurguzu, tana zargin duk wanda ya sa kwat da yawan son Turawa. In soja suka karɓi mulki sai ta yi musu maraba da babban rubutu, ta ce sun zo gyara. In an kwana biyu sai a ɓata, gwamnati ta janye mata talla, ta koma kiran a yi zaɓe. In farar hula suka hau, sai ta fara kewar soja.

“Ustaz,” na ce masa wata rana, “ashe jaridar taku mai shayin bakin tasha ce, duk motar da ta tsaya tata ce.”

“A'a, ya Shaikh Habib! Mu ba ma canzawa. Su ne suke canzawa.”

“Mai shayin ma ai ba ya motsi, yana nan inda yake.”

Ya yi dariya har da buga cinya. Abin da ke ba ni haushi da shi ke nan, ko ka caka masa magana sai ya karɓa kamar ka ba shi alewa. Washegari ya zo da wata tsohuwar jarida a cikin leda, ta yi ja don tsufa, ya shimfiɗa ta a kan teburina a hankali. A tsakiyar shafin farko akwai wani dogon gurbi daga sama har ƙasa, fari fat, ko ɗigo babu. Ya ce zamanin wani mulkin soja ne, bayan an ɓata. An ajiye jami'i yana karanta kowane shafi kafin a buga, abin da bai yi masa ba ya sa a cire. Editan ya hana a cike wurin da wani labari, ya ce a bar shi haka. Mutane suka riƙa sayen jaridar don su ga inda aka bari fari. Mahaifinsa ne ya rubuta abin da ke wurin, da hannunsa, kuma shi aka sa ya kankare.

“Farin gurbi a wurinmu magana ce,” in ji Nadim. “Yana cewa akwai abu a nan, nawa ne, an ƙwace mini da ƙarfi.”

Yayarku ta ɗora yatsa a kan farin, ta ce, “Ammu, me aka rubuta a nan?”

“Abin da ya fi komai muhimmanci a ranar, beti.”

Na ga idon yarinyar. Ban taɓa faɗin wata magana da ta sa ta kalle ni haka ba. Na ci gaba da jan zare, amma allurar ta shige mini yatsa, na kuma ƙi nunawa.

Da ta gama sakandare ta ce za ta karanta harsuna, na yi murna a raina, domin a jami'ar ana koyar da Hausa, kuma Hausarta tana bukatar gyara, rabinta Larabcin titi ne. Sai mahaifiyarku ta same ni ina cin abinci ta ce, “Malam, Ummi fa Urdu ta zaɓa.” Na ajiye cokali. Na ce wa za ta yi wa Urdu, dangin uwarta na Sudan ko nawa na Maraɗi? Mahaifiyarku ta ce, “Ma'alish, ba komai, ilmi ai ilmi ne.” Ban hana ba. Amma na kwana uku ban amsa sallamar Nadim da kyau ba, shi kuwa ya ɗauka mura nake yi, ya aiko mini da wani shayi mai citta da madara. Na sha, don ba laifin shayin ba ne.

A nan ne na yanke shawarar da har yau mutane suke yaba mini a kanta, suna cewa kishin al'umma ne ya sa. Kishi ne, amma ba na al'umma ba. Na ce in jarida ce ta ɗauke mini yarinya, ni ma zan yi jarida. Na sami babbar takarda, na raba ta gida uku, na rubuta kanu da ajami, sauran da boko don yaran yanzu. Kowace Juma'a kafin salla in manna ta a ƙofar shago, in sa a ɗauki hotonta kaɗan a kai Madinat Nasr wurin ɗalibai, a kai Ataba wurin 'yan kasuwarmu. Wane ya sauka, wane yana asibiti, wane aka yi masa rasuwa a gida, abin da ya canza game da takardar zama. Mutane suka sa mata suna takardar Malam. Kafin wata uku har an ba ta siyasa. 'Yan Najeriya suka ce ta 'yan Nijar ce, 'yan Nijar suka ce na sayar da su don 'yan Najeriya sun fi kawo ɗaurin littafi, Hausawan Sudan suka ce tunda na auri 'yarsu na daina ganin girmansu. Nadim ya ji labari ya zo ya rungume ni, ya ce yanzu na zama ɗan jarida na gaske tunda kowa yana zagina.

Gurbin dama na ware wa yayarku. Ban ce mata ina so ba, na dai ce wa mahaifiyarku a gabanta, “Akwai wuri a takardar nan, in akwai mai abin cewa.” Ta gane. Ta fara rubuta labarin yaranmu da aka haifa a nan, waɗanda Misrawa suke tambaya yaushe za su koma gida, in sun je gida kuma a ce musu Larabawa. Wallahi yarinyar nan ta iya rubutu. Nakan karanta a shago in na tabbata ba kowa, in karanta in sake, wani lokaci sai na cire tabarau na goge. Sannan in ɗauki jan biro in gyara mata inda Larabci ya ci Hausar, in mayar mata ba tare da na ce komai ba. Mutane suna tsayawa a ƙofar shago suna cewa, “Malam, 'yar nan taka sai dai a ce masha Allah,” ni kuwa in ce, “Tana dai taɓawa.” Me kuke so in ce? Shekarun nan na jami'arta su ne mafi daɗi a rayuwata. Kowace Laraba da yamma tana zaune a shagona, a bencin nan, muna gardama a kan kalma. Na ɗauka na ci Nadim da yaƙi.

Sai wata Laraba na hau bene da wuri, na tarar da ƙofarsa a buɗe. Tana tsaye tana karanta masa rubutun da na gama gyarawa, da Hausa, mutumin da ko “sannu” bai iya ba. Yana kaɗa kai kamar mai sauraron wa'azi. Da ta gama ya tafa hannu ya ce, “Wah, wah! Rabi'a beti, alƙalaminki zinariya ne!” Bai fahimci kalma ɗaya ba. Ni da na san inda kowace kalma ta yi kyau da dalilin kyanta, jan biro kawai ta samu a wurina. Shi da bai san komai ba ya sami murmushin. Na sauka na koma shago na zauna, ban ɗaure littafi ko ɗaya ba ranar.

Shekarar da ta gama jami'a ita ce shekarar da nake son ku sani. Bayan ƙaramar salla Nadim ya shigo gidana da farar riga sabuwa da kwalin alewa, ya zauna a gaba, ya haɗa hannu, kamar mai neman aure. Ya ce ya yi magana da jikan wanda ya kafa jaridar, wanda yake riƙe da ita yanzu. Suna neman wanda ya iya Larabci da Urdu ya zauna a ofishinsu na Lahore. Ya aika musu rubutunta, sun ce ta zo. Za ta zauna a gidan ƙanwarsa, gidan mutunci, ana salla ana azumi. Ya ce ba zai ƙara taku ɗaya ba sai da yardata. Na ce zan yi shawara. Da ya fita mahaifiyarku ta ce, “Malam, in ba ka so ka ce ba ka so, khalas, shi ke nan. Yarinyar nan ba za ta ƙetare maganarka ba.” Gaskiya ta faɗa, ina da ikon hanawa, kuma ba wanda zai ga laifina, 'ya mace, ƙasa mai nisa.

Laraba ta zo, yayarku ta shigo shago ba takarda a hannunta. Ta zauna a benci. Ta daɗe tana kallon yadda nake shafa gam, sannan ta yi magana da Hausa, a hankali, tana zaɓen kalmomi don kada Larabci ya shigo.

“Baba, in ka ce in zauna zan zauna.”

Na ce, “Ai shawara taki ce.”

“A'a, Baba. Ka faɗa. Ka kira ni, ka ce kana so in zauna a nan tare da kai. Sau ɗaya kawai. Wallahi ko zancen Lahore ba zan sake yi ba.”

Ku da kuke ganin abin da sauƙi, ku sani na buɗe baki. Sunan yana nan a kan harshena. Amma sunan mahaifiyata ne, matar da ko a bayan idonta ban taɓa ambata ba, kuma 'yar fari ce take zaune tana roƙon in yabe ta ido da ido. Abin da ta nema, mahaifina bai yi mini ba, nasa bai yi masa ba, kuma ba ƙiyayya ta hana su ba. Na ga kamar in na faɗa, na zama Nadim ke nan, na karɓi hanyarsa na yar da tawa, ya ci ni har a cikin shagona. Na mayar da ido kan littafin da ke gabana.

“Allah ya sa alheri ne,” na ce. “Allah ya kiyaye hanya.”

Ta ce amin. Ta tashi ta gyara mayafi, ta ce, “Tamam, ya Baba,” da Larabci, ta fita. Ranar tafiya kun raka ta ku duka da Nadim, shi ya ɗauki jakarta. Ni na buɗe shago kamar kullum, domin uba ba ya tsayawa a filin jirgi yana hawaye a kan 'yar fari. Na rufe ƙofa ta ciki dai, wanda ya ƙwanƙwasa ranar bai same ni ba.

Juma'ar da ta biyo na rubuta takardata, gurbin hagu da na tsakiya. Da na zo na dama sai na ajiye alƙalami. Na manna ta haka, fari daga sama har ƙasa. Mutanenmu ba su gane komai ba. Wani ɗalibi ya ce tawada ce ta ƙare wa Malam. Alhaji Idi na Ataba, mai sarin atamfa da jallabiya, ya aiko a tambaye ni ko wurin talla ne ya sa nasa. Duk Darrasa mutum ɗaya ne zai iya karanta gurbin nan, kuma don shi na yi. Ina zaune ina kallon titi ta gilashi har ya ɓullo zai tafi masallaci. Ya tsaya kamar kullum don ya duba kanun ajami. Na ga lokacin da idonsa ya kai dama. Dariyar nan ta bar fuskarsa. Ya daɗe a tsaye, mutane suna ture shi suna wucewa, sannan ya leƙo.

“Ya Shaikh Habib, mu soja muke yi wa wannan.”

Na ce, “Na sani, kai ka koya mini.”

“Ni ban ƙwace ta ba.”

“Haka jami'in naku ma zai ce, in an tambaye shi.”

Wannan karon bai yi dariya ba, na kuwa ji daɗi har cikin raina. Haka gurbin ya zauna fari Juma'a bayan Juma'a, ya ratsa sanyi ya shiga zafi. Nadim ya daina kawo ɗaurin jarida. Muna haɗuwa a bene mu yi sallama ta Musulunci, shi ke nan. Yayarku tana kiran mahaifiyarku a waya kullum, in an miƙo mini in ce, “Lafiya dai ko? Ana salla a kan lokaci?” in mayar. Ɗalibai suna ɗaukar hoton takardar suna yaɗawa a waya, na san ta gani, na kuma san ta gane, tunda yatsanta ya taɓa hawa kan irinsa. Ba ta ce komai ba. Ita ma 'yata ce.

Wata Laraba da la'asar sai ga Nadim a ƙofar shago, da takardu da ya sa aka buga masa daga intanet, don yanzu ba a jiran matafiya. Ya rame, lallen gemunsa ya koɗe bai sake ba. Ya zauna a benci ba tare da an ce ya zauna ba, ya shimfiɗa shafin a gabana, ya nuna gefe guda. Na san wurin, na ɗinke shi sau ba adadi, nan ne rubutunsa na mako yake fita da ɗan hotonsa. Hoton babu. Ya ce jaridar ta sake juyawa, an shirya da masu mulki na yanzu, jikan mai jarida yana son sabuwar murya, ba ya son tsoho mai yawan tuna baya. An gode masa da hidimar shekaru. An ba da gurbinsa.

“Wa aka ba?” na ce, alhali idona ya riga ya gani.

“Naka fari ne, ya Shaikh,” in ji shi. “Nawa an cike shi.”

Ba zan ɓoye muku ba, abin da na fara ji daɗi ne. Na ce a raina, ɗanɗana ka ji. Amma da na ɗago na dube shi sai na ga mutumin nan idonsa ya cika da hawaye, kuma rabin hawayen alfahari ne. An kore shi, yarinyar da ya koya wa alif na yarensu ta gaje shi da ransa, amma yana shafa shafin kamar kan jariri. Nan take kishin ya dawo sabo. Ko a wannan ma ya fi ni. Shi ya karanta, ya san abin da ta ce. Ni uban, ga rubutun 'yata a gabana, mutane a wata ƙasa sun karanta shi da shayin safe, ni ina kallon wanki a igiya.

Na jawo takardar Juma'ar da ban gama ba, na ɗauki alƙalami, na ce, “Karanta.”

Ya karanta jimla da Urdu, ya mayar mini da Larabci, ni kuma na zuba ta da Hausa a gurbin dama. Labarin masu ɗaurin littattafai ne na wani lungu a Alƙahira, da yadda sana'ar take mutuwa. Ba ta ambaci kowa ba. Amma akwai wani tsoho a ciki da yake gyara rubutun mutane da jan biro, wanda in abu ya burge shi sai ya cire tabarau ya goge. Ashe tana gani. Nadim ya tsaya a nan ya dube ni, na ce masa ya ci gaba, ba hira muka zo yi ba.

Tun daga ranar haka muke yi, kun sha ganinmu. Kowace Laraba yana benci ina tebur. Maganar 'yata ba ta iso ni sai ta bi ta bakin mutumin nan, wannan shi ne kuɗin da na biya, kuma ina biya duk mako. Ina zarginsa da ƙara gishiri inda ta yabi ƙasarsu, shi yana zargina da ragewa inda ta taɓa tamu, ba kuma wanda zai iya kama wani. In ta zo hutu ƙofarsa take fara ƙwanƙwasawa, har yanzu, ina ji daga ciki. Ban daina jin abin da nake ji ba, kada ku ɗauka tsufa ya warkar da ni.

Abu ɗaya ne nawa. A saman rubutun akwai sunan marubuciya, kuma wannan ba ya bukatar fassara, ina ganinsa sarai ko ba tabarau. Duk da haka kafin mu fara sai in ce, “Ustaz, wa ya rubuta na yau?” Ya san abin da nake yi. Sai ya gyara murya ya karanta sunan da ni ba na iya faɗa, ya tsaya a nan.

In ce, “Ban ji ƙarshen ba.”

Ya ce, “Habib. Rabi'a Habib.”

Sannan in tsoma alƙalami.